Zuwa hutu gida alhali ana karɓar tallafin naƙasa a Birtaniya

'Yar'uwa, kin ce kina karɓar PIP (tallafin masu naƙasa) da Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) a Ingila, kina son zuwa Kano hutun wata biyu, kina tsoron a tsayar miki da kuɗin.

PIP ba matsala ba ne: ana ci gaba da biya har mako 13 kina waje, mako 26 idan magani ya kai ki. Sai dai ki sanar da DWP, ma'aikatar da ke biyan tallafin, tunda tafiyar ta wuce mako 4.

Universal Credit ne inda gizo ke saƙa. Wata ɗaya kacal aka yarda. Abin da mutane ke rasa ganewa shi ne, in tun farko kin shirya wuce wata ɗaya, ba za a biya ki ko na watan farkon ba. Masu yin shiru su tafi, daga baya akan ce su mayar da kuɗin. Ni dai da ni ce, sai in rage tafiyar zuwa mako huɗu, in rubuta ranakun a shafina na Universal Credit a intanet kafin in tashi.

Idan kuɗin hayar gidanki na cikin Universal Credit ɗin, ki tuntuɓi Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, kafin ki yanki tikiti. Kyauta ne.