Ki je tsibiran, amma ba a jirgin dillali ba

Assalamu alaikum mutanen gida. Tun bayan sallar asuba na ga tambayar ƙanwarmu ta Daura, wadda ta ce za su tafi sari Santanbul ita da Innarta a watan Nuwamba, wani kuma ya yi masu tayin kai su yawon tsibirai a jirgin ruwa in sun gama ɗaurin kaya. Ta ce ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, tsoro take ji, ko akwai haɗari? Wallahi ƙanwata ina karantawa gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan, kuma a irin wannan lokacin na shekara. Na so in bari sai na taso daga kasuwa, na kasa.

Tsoronki ba abin kunya ba ne. Mu da muka tashi a nan wane ruwa muka sani? Ni kafin ranar, babban ruwan da na taɓa matsowa kusa da shi shi ne dam ɗin Ajiwa, shi ma daga baki na tsaya. Ke ma na san bai wuce ki ce kin ga dam ɗin Sabke ba. To tekun Marmara, inda tsibiran suke, ba haka yake ba, in kuka yi nisa a cikinsa birnin nan duk girmansa sai ya koma kamar hazo.

Wanda ya kai mu yana jin Hausa kamar jakin Kano, shi ya sa muka saki jiki. Kun san irinsu, masu zama a falon masauki a Laleli, unguwar 'yan sari a Santanbul, su kama maki leda, su raka ki wurin awon kaya. Yayata Mama yake ce mata, har da durƙuso. Mu 5 ne, ya karɓi dala 70 a hannun kowace. Ya ce tsibiri 4 za mu zagaya, da abincin rana, da jirgi na musamman ba cunkoso. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana hotunan keken doki an yi masa ado da furanni, ya ce a ciki za mu zaga gari. Yayata saboda dokin nan ta yarda, don ƙafa take fama da ita.

Da muka je bakin ruwa, ashe ɗan ƙaramin jirgi ne mai inji, da wasu baƙi a ciki, muka zama mu 11. Da safe ruwan lafiya lau, shimfiɗe kamar tabarma. Tsibiri ɗaya tal ya kai mu, Buyukada, wato babban cikinsu. Doki kuwa ko ƙafarsa ba mu gani ba. Sai daga baya na ji cewa tun 2020 aka hana keken doki a tsibiran, bayan wata cuta ta shiga dawakin, aka kawo ƙananan motoci masu aiki da lantarki a madadinsu. Yana sane, tsofaffin hotuna ya nuna mana. Ya zaunar da mu kusa da hasumiyar agogon da ke dandalin gaban tashar, ya ce bari ya je ya shirya abinci. Tun kafin azahar, ba mu sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan la'asar. Yayata mai ciwon suga ce, da kuɗinmu muka saya mata burodi da shayi.

Abin da har yau yake ci mani rai shi ne Allah ya turo mana mai gargaɗi ba mu gane ba. Wajen ƙarfe 3 iska ta fara kaɗawa, mai ɗumi-ɗumi, ba irin ta hunturunmu ba. Wata dattijuwa mai shago ta fito ta kama hannuna, tana nuna mani babban jirgin da ke lodi a tasha, tana maimaita kalma ɗaya: lodos, lodos. Na ɗauka wani abu take tallatawa. Ashe sunan iskar ke nan, daga kudu maso yamma take tasowa, an fi yin ta da kaka da lokacin sanyi, kuma in ta yi ƙarfi har manyan jiragen fito akan dakatar. Cewa take ku bi wancan ku tafi tun da sauran hali. Mu kuwa muna ganin ai mun riga mun biya kuɗin komawa, muka zauna jiran mutumin banza.

Magariba ta kusa lokacin da muka tashi, don a watan nan kafin ƙarfe 6 rana ta faɗi. Ba mu yi minti 15 ba ruwa ya juye. Jirgin ya ɗaga hanci sama har in daina ganin komai ta taga sai gajimare, sannan ya faɗo, tim, kamar an sako buhun gero daga kan mota. Kofunan shayi suka zube suka farfashe. Ruwa ya riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sanyi ƙalau, ya jiƙe mana safa da bakin abaya. Yayata ta fara amai, babu leda kusa, a mayafinta ta yi. Carbinta ya tsinke, ina kallon 'ya'yansa suna gangarawa gefe guda, jirgin ya karkata su dawo, ya karkata su koma. Har yanzu in na rufe ido su nake gani. Fuskarta ta yi fari fat, ta riƙe ni tana cewa in ta rasu kada a bar ta a ƙasar mutane.

Na ɗaga murya na tambayi rigunan ruwa. Yaron jirgin ya ɗaga murfin benci, guda 4 ne a ciki, rana ta cinye su, igiyar ɗaya ma a tsinke. Na waiga neman mutuminmu, sai ga shi can kusa da matuƙi sanye da tasa sabuwa fil, ya ɗaure ta tamau. Ko kallon inda muke bai yi ba. Matar da yake durƙusa wa yana kira Mama tana kwance cikin amai da ruwa. 'Yan'uwa, na yafe wa mutane da yawa a harkar nan, waɗanda suka ci mani kuɗi da waɗanda suka canza mani kaya, amma wannan na kasa. Na gwada, na kasa.

Bakina ba abin da yake fita sai addu'ar Annabi Yunusa, la ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Kuma in gaya maku gaskiya, bayan autana abin da ya tsaya mani a rai kuɗin mutane ne. Mata 7 suka ba ni saƙo a zuwan nan, lissafin duk yana kaina, ko maigida bai san wa ke bin nawa ba. Don Allah duk mai fita sari ta rubuta a littafi ta bari a gida, wance nawa, wance nawa. Ba sai za a shiga ruwa ba.

Matuƙin bai iya mai da mu inda ya ɗauko mu ba, ya yanke zuwa Bostanji, ɓangaren Asiya, don nan ne kusa. Da ƙafata ta taka siminti sai na durƙushe ina kuka. Kun san abin da mutumin nan ya ce? Wai ai Allah ya kiyaye Hajiya. Shi ke nan. Ba sannu, ba ku yi haƙuri. Kuɗin tasi zuwa Laleli ma mu muka biya, ga dare ga jiƙaƙƙun kaya. Yayata kwana 2 ba ta tashi ba, kuma tun daga nan ba ta sake bi na ba. Har gobe ina ganinsa a unguwar, yana ta kiran wasu matan Mama.

Duk da haka ba zan ce maki kada ki je ba. Na koma da bazara, wata ɗiyar maƙwabtanmu da ke karatu can ta matsa mani, ta ce ba teku ne ya cuce ni ba, mutum ne. Daga Laleli muka hau jirgin titi T1 har ƙarshensa a Kabatash. Katin Istanbulkart ɗin nan da kike shiga jirgin titi da shi, shi muka ɗora muka shiga babban jirgin fito na hukumar birni, kuɗin bai kai kusa da abin da aka karɓe mana ba. Jirgi ne mai hawa, da kujeru, da ban ɗaki, da mai shayi yana zagawa, rigunan ruwa kuwa ga su nan jere kowa na gani. Ya tsaya Kinaliyada, ya tsaya Burgazada, sai Hebeliyada, sannan Buyukada, tafiyar wajen awa ɗaya da rabi. Tsibiran 9 ne gaba ɗaya, Turkawa na ce masu Adalar, amma waɗannan 4 su ne na zuwan mutane. Fararen tsuntsayen teku na bin jirgin, yara na jefa masu gutsuren burodin nan mai zobe da riɗi suna cafewa a sama. Sai da muka wuce tsibiri na biyu na lura na saki ƙarfen kujera.

Saboda haka ki ce wa mai tayin nan kun gode. Tun da Nuwamba ne, ki sa mai masaukinku ya duba maki ko akwai lodos ranar, in ya ce akwai ku haƙura, ko da ita ce ranarku ta ƙarshe. Ku fita da sassafe. Kina sauka, kafin komai, ki ɗauki hoton allon lokutan komawa, kuma kada ki kuskura ki jira jirgin ƙarshe, da la'asar ku juyo. Ki zaunar da Inna a hawan ƙasa, tsakiyar jirgi, nan ne ba ya jijjiga sosai. Kada ta shiga da yunwa, kada kuma ta ci mai maiƙo. Ki riƙe citta a jaka ta tauna, da leda, da rigar sanyi mai kauri, iskar kan ruwa ba ta wasa. In hajijiya ta taso ta kalli nesa, ta bar duba waya. Ranar da jirgin samanku na dawowa gida zai tashi kuwa, ko kyauta ne kada ku shiga ruwa.

Tsibiri ɗaya ya ishe ku, kada ki wahalar da tsohuwa. Ba a barin motocin gida a can, daga ƙafa sai keke sai motocin lantarkin nan, kuma garin tudu ne. Akwai wani coci can ƙololuwar dutse da ake ta hawa, wannan ba na ƙafar Inna ba ne. Sallah ba matsala, akwai masallacin Hamidiye da Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya sa aka gina sama da shekara 100 da suka wuce, ɗan hawa ne kaɗan daga tasha, a nan na yi azahar. Gidajen cin kifi na bakin ruwa da yawansu ana sayar da giya, ga tsada, ku shiga cikin gari, kuma ki tambayi kuɗi kafin a ajiye maki faranti. Ɗiyar maƙwabtanmun nan ta gaya mani a zamanin Rumawa nan ake kai 'ya'yan sarauta da aka kora daga fada, shi ya sa ake ce masu tsibiran yarimomi. Da ta faɗa sai na tuna zamanmu a gindin agogon nan muna kallon ruwa ta ko'ina.

Kuna sa ƙafa a jirgi ku karanta bismillahi majreha wa mursaha. In kuma mai tayin nan doguwar jar hula yake sawa irin ta wanda ya kai mu, ki yi mani magana ta gefe yau ɗin nan, kada ki ba shi ko sisi. Ki gaida mani Inna da kyau.