Hurumi da Fashin Baƙi a Bakin Alƙalai

Tambaya: Malam, kullum a rediyo sai mu ji an ce "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar". Mu a ƙauyenmu hurumi fili ne. Me ya kai shi kotu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ai mutanen ƙauyenku ne suka riƙe asalin. Hurumi shi ne filin da ake keɓewa a gefen gari domin kiwo ko maƙabarta, ba mai sa masa garma. Kalmar 'yar uwar "haram" ce ta Larabci, wato wurin da aka shata wa iyaka. Daga nan ma'anar ta yaɗu zuwa iko: hurumin alƙali shi ne iyakar abin da doka ta ba shi damar taɓawa. In ya tsallake, ya wuce gona da iri.

Sai dai a ina iyakar take? A 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda 'yan jam'iyyar NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na jam'iyyar PRP. Kotu ta ce sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 ya hana ta tsoma baki a batun tsigewa, ta janye hannunta. A ƙarshen 2005 kuwa, 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka ƙulla tsige Gwamna Rashidi Ladoja a wani otal a Ibadan, suka tsige shi a farkon 2006. Tsarin mulkin 1999 yana da irin wancan shinge a sashe na 188, amma Kotun Ƙoli ta ce shingen ba ya kare majalisar da ta ƙi bin matakan da shi kansa sashen ya gindaya. Ladoja ya koma kujerarsa.

Ni dai hukunci na biyu ya fi kwanta mini. Kamun kai ado ne ga alƙali, kuma kotun da ke shiga sharo ba shanu takan zama majalisa ta biyu wadda ba wanda ya zaɓe ta. Amma wani lokaci "ba ni da hurumi" mafaka ce kawai ta mai gudun ɓacin ran manya.

Tambaya: Malam, wanne ya fi dacewa, kotu ta "fassara" tsarin mulki ko ta yi masa "fashin baƙi"? Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: Malama, 'yan jarida sun saba da "fassara", ba kuma laifi. Amma fashin baƙi ya fi kama aikin. Daga zauren karatu ya fito: almajiri ya ja baƙi, malam ya fasa masa, wato ya warware abin da nassin ke nufi ba tare da ya ƙara masa harafi ba.

Malamai biyu kan fasa baƙi ɗaya su saɓa, alƙalai ma haka. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano ya ɗan gaza. Da abokin takararsa Awolowo ya kai ƙara, mafi rinjayen alƙalan Kotun Ƙoli suka karɓi lissafin jiha 12 da biyu bisa uku na jiha, suka tabbatar da nasarar Shagari. Masu cewa "shari'a saɓanin hankali" sun daɗe suna kafa hujja da wannan. Mai Shari'a Kayode Eso bai bi su ba, ya ce jiha ba ta gutsuruwa, sai dai a ce 13.