Kaɗaici ya dame ni a Gombe, kamar Allah ya yi shiru

'Yar'uwa, kin ce aiki ya kawo ki Gombe, ba ki san kowa ba, kina addu'a amma shiru. Sannu da haƙuri.

Ki fara da jiki. A 1 Sarakuna 19, da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi. Daga baya Ubangiji ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin nan Ba'al ba, shi kuwa yana ganin shi kaɗai ya rage.

Kowace safiya ki ware minti 15, ki karanta Zabura ɗaya da murya: 13, 42, ko 88, wadda cike take da kuka har ƙarshenta. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar dogon azumi ke kaɗai; jiki ya galabaita, damuwa ta ƙaru.

Sujadar Lahadi ba ta isa ba, a cikin taro baƙo ɓacewa yake yi. Ki shiga Zumuntar Mata, ki gaya wa matar fasto halin da kike ciki. In rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako 2, ki ga likita.