Wuta ta ja 'yata, har yau hannunta bai dawo daidai ba

Tambaya: 'Yata ta sa hannu a bokiti hita na ciki, wuta ta ja ta. Ba ta ƙone ba, amma yatsunta na yi mata kamar tafiyar kiyashi, ga mantuwa da rashin barci. In sayo mata maganin jijiya a kemis? Wata uwa daga Zariya

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kada ki kashe kuɗinki a kemis, asibiti za ki kai ta, a duba jijiyoyinta, a kuma yi mata gwajin bugun zuciya. Jijiyoyi da 'yar lantarki suke aika saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa, laka da gaɓoɓi, kuma wuta na bin su cikin sauƙi, balle jiƙaƙƙen hannu. Shi ya sa fata kan fita sumul alhali ɓarnar tana ciki. Wasu alamun ma sai bayan makonni ko watanni suke bayyana. Da yawa suna samun sauƙi a hankali. Hitar nan kuwa, a jefar.

Tambaya: Wanda wuta ta ja, madarar gwangwani ta fi ko manja? Wani ɗalibi

Amsa: Babu ko ɗaya. Wuta ba guba ba ce da madara za ta wanke. Ɗura wa wanda ya suma abu ma shaƙe shi zai yi. A kashe wutar kafin a taɓa shi, a nemi mota.

Tambaya: Zan yi wayarin, an nuna mini waya rabin kuɗi. In ɗauka? Wani magidanci a Kano

Amsa: Malam, araha ba ta ado. Kankare bakin wayar da wuƙa a gaban mai shago. In fari ya leƙo, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, za ta yi zafi ta narkar da robarta cikin bango. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai zuba kuɗi a tayil da fenti, sai an zo waya ya fara neman ragi! Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Ƙasa da miliyamfa 20 (ma'aunin yawan wutar da ke ratsawa) ya isa ya ƙanƙame tsokar hannu, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Ka sa mai gyaran wuta ya haɗa wayar ƙasa da gaske, wato wadda ke kai wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa, ya saka na'urar RCD mai yanke wuta da zarar yoyo ya kai miliyamfa 30. Ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a jikin wayar, amma kada ka saki jiki, 'yan jabu har shi suna bugawa. Ka karɓi rasit.