Me ya sa manhaja ke kayar da ɗalibi alhali amsarsa daidai ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da lissafi, kuma ina shirya wa ɗalibaina tambayoyi a intanet, manhaja ce ke duba amsa da kanta. Wani ya rubuta 0.3 a matsayin amsar 0.1 + 0.2, aka ce ya faɗi. Wata ta rubuta 6/8 inda na sa 3/4, ita ma aka kayar da ita. Daga ina zan fara gyara?

Amsa: Malama, yawwa, barka dai. Yaran nan biyu duk sun ci, sai a mayar musu da makinsu tukuna. Matsalar tana wajen yadda manhajar ke gwada amsar ɗalibi da wadda kika ajiye, kuma cutar 0.3 daban take da ta 6/8.

Ta 6/8 ce mai sauƙi. Manhajar tana kallon amsa a matsayin rubutu, harafi da harafi, ba ta kallon darajar lambar. A wurinta 0.5 da .5 da 0.50 abubuwa uku ne daban. In Moodle, wato dandalin koyarwa na intanet, kike amfani da shi, duba ko kin zaɓi nau'in gajeriyar amsa maimakon na lamba. In kuwa ke kika rubuta tsarin dubawar, ki ninka a gicciye: lambar sama ta ɗalibi sau lambar ƙasa taki, sannan akasin haka. 6 sau 4 ya ba da 24, 8 sau 3 ma 24, ke nan daraja ɗaya ce. Idan so kike a rage kason zuwa mafi ƙanƙanta, to ki faɗa ƙarara a cikin tambayar, kuma a ba yaro wani abu daga makin tare da bayani. A ganina zalunci ne a ba sifili ga wanda ya gama lissafi bai rage ba kawai.

Ta 0.3 kuwa tana da zurfi. Kin san 1/3 ba ya ƙarewa in an mayar da shi lamba mai ɗigo, 0.333 ne har abada, domin a ƙirgen goma-goma kaso yana ƙarewa ne kaɗai idan lambar ƙasa, bayan an rage, ba ta ƙunshi komai ba sai 2 da 5. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, don haka a wurinta sai wanda lambar ƙasarsa ta zama 2, 4, 8, 16 da ire-irensu. 1/10 ba ya ciki. Sai ta ajiye wata lamba mai kusa da 0.1 ƙwarai, bisa ƙa'idar ajiye lambobi masu ɗigo a kwamfuta, wato IEEE 754, da aka fitar a 1985. Gwada da kanki a Python ko JavaScript, harsunan rubuta manhaja: 0.1 + 0.2 zai ba ki 0.30000000000000004. Wannan 4 ɗin da ke can wutsiya shi ya kayar da ɗalibinki, kuma ba ki gan shi ba ne saboda allon yana nuna lambar a taƙaice.

Magani shi ne kada a ce sai lambobi biyu masu ɗigo sun zo daidai wa daida. A sa ɗan sassauci, a karɓi amsa idan tazararta da ta gaskiya ba ta kai wani ƙaramin adadi ba. Amma a auna shi da hankali. Ɗauki 2/3 da aka ce a taƙaita zuwa gurbi biyu bayan ɗigo: sassaucin 0.005 zai karɓi 0.67 ya ƙi 0.66, wanda shi ake so. In kika buɗe shi zuwa 0.01, wanda ya datse lambar kawai bai taƙaita ba shi ma ya wuce, darasin kuma ya tashi a banza. Wanda ke aiki da Python yana da hanya mafi tsabta, wato kayan aikinsa na lissafi, Fraction da Decimal, muddin an ba su lambar a matsayin rubutu.

Taƙaitawar ma tana da nata tarko. Python 3 na mayar da 2.5 zuwa 2, yana bin lamba mai rabuwa biyu, alhali a aji 3 muke koyarwa. A harsunan Java da C kuma, 1/2 tsakanin cikakkun lambobi sifili yake bayarwa.

Kafin ki sake sakin tambayoyin, shiga a matsayin ɗaliba ki yi ta jefa amsoshin da yara ke rubutawa da gaske. Sa 1 1/2 ki gani. Wasu tsare-tsaren suna share gibin su karanta 11/2, wato 5.5. Sa 0,5 da waƙafi, yadda ake rubutawa a Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta. Idan manhajar ce ke zaɓo lambobi da ka, hana sifili fitowa a ƙasa, kuma ki duba kada 2/4 da 1/2 su fito tare cikin zaɓuɓɓuka. Wanda ya loda tambayoyi daga Excel ma ya leƙa, domin yakan mayar da 1/2 kwanan wata in ba a fara saita gurbin a matsayin rubutu ba.