Kunnuwana suna kuka kamar gyare: amsa ga mai injin niƙa

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da injin niƙa a unguwar Zango a nan Damagaram, shekarata 11 a wannan sana'a. Wata shida ke nan kunnuwana duka biyu suna kuka kamar gyare. Da rana ban cika kula ba, da dare kuwa har barci yake hana ni. Maiɗakina tana cewa sai ta maimaita magana nake ji. Na ƙarar da kwalba biyu na maganin ɗigawa, babu sauyi. Kurumcewa zan yi ne? Akwai magani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda ka kwatanta lamarin, babban abin zargi shi ne ƙarar injin da kanta. Maganin ɗigawa bai yi maka aiki ba domin iyakarsa dodon kunne, ciwon kuwa yana can ciki.

Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa guda 3 masu miƙa sauti zuwa wani ɗaki mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinsa akwai ƴan ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da girgiza ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da gero. Da farko sukan miƙe idan aka huta, shi ya sa mai injin yakan tashi aiki kunne a toshe, da safe ya ji ya washe. Idan abin ya ɗore shekaru sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa. Ƙwaƙwalwa da ta daina samun saƙo daga wannan wuri sai ta ƙara ƙaimin saurare, daga nan kukan yake fitowa. Da dare ba ƙaruwa yake yi ba, shirun gari ne yake fito da shi fili.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Iyakar da aka sa wa ma'aikaci ita ce 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, a 100 minti 15 kacal. Injin niƙa yakan wuce 90, balle a ƙaramin shago mai rufin kwano. Ba sai da na'ura za ka gane ba: in sai ka ɗaga murya wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka yake jin ka, ƙarar ta wuce iyaka.

Ƙorafin maiɗakinka ma ya dace da wannan. Siririn sauti ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "sh" da "f", sai mutum ya ji murya sarai amma ya kasa raba "sara" da "shara" da "fara", musamman a kasuwa ko wurin biki. Ƙara kaɗai ba ta cika kai mutum ga kurumta baki ɗaya ba, sai dai tana ci gaba da ɓarna muddin ba a kare kunnen ba.

Ka je babban asibitin Zinder ka nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake ce wa ORL. Za a fara leƙa kunnen da ƴar fitila, domin dauɗar kunne da ta haɗu da ƙurar hunturu takan daskare ta toshe hanya, ita ma tana sa kuka, kuma cire ta abu ne mai sauƙi. Daga nan sai awon ji. Mai awon zai zaunar da kai a ɗaki shiru, ya sa maka abin saurare, ya riƙa sako sauti daga mai kauri zuwa siriri, kana ɗaga hannu duk lokacin da ka ji, komai ƙanƙantarsa. Wanda jinsa ke lafiya yana ji ƙasa da desibel 20. Ɓarnar ƙara tana da tambarinta a takardar sakamakon awon: layin da ke nuna jinka yakan faɗa rami daidai sautin da ke girgiza sau 4,000 a daƙiƙa. Ka huta da injin aƙalla awa 14 kafin awon, in ba haka ba sakamakon zai fi gaskiyar lamarin muni. Ka sa a auna maka hawan jini, kuma ka faɗi magungunan da ka sha. Kinin da asfirin mai yawa suna sa kukan kunne, yawanci yakan tafi bayan an daina. Allurai irin su jantamisin da sitireftomisin kuwa ɓarnarsu ba ta cika komawa ba. Haka sanƙarau, wanda yankinmu ya sani sarai, yana barin raunin ji.

Maganar gaskiya, babu ƙwaya ko ɗigo da aka tabbatar yana kashe irin wannan kuka, kada ka zuba kuɗinka wajen masu talla. Abin da ke hannunka shi ne tsare jin da ya rage. Auduga ba ta tare komai a zo a gani. Ka nemi toshiyar kunne ta soso: ka murza ta ta yi siriri da hannu mai tsabta, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura ta, ka riƙe daƙiƙa 30 har ta kumbura. In ta zauna daidai za ka ji muryarka ta yi kauri. Da gari a hannu, marufin kunne mai kama da kwarya ya fi sauƙin sawa da cirewa. Yaran da ke taya ka aiki su ma a sa musu. Ka ɗaure kusoshin da suka saki, ka sa mai a inda ke gurzawa, ka shimfiɗa tsohuwar taya ƙarƙashin injin, in da hali ka fitar da bututun hayaƙi waje.

Da dare kada ka kwanta cikin shiru tsit. Kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, yadda kukan zai cakuɗe da shi ba tare da ya rufe shi gaba ɗaya ba. Da haka ƙwaƙwalwa take sabawa, kuma mafi yawan mutane cikin watanni sukan daina lura da shi. Fargaba da rashin barci suna ƙara masa ƙarfi, don haka in ya kai ka ga baƙin ciki ka gaya wa likita. Idan awo ya nuna jin ya ragu sosai, na'urar ƙara ji da aka saita bisa takardarka tana gyara magana, sau da yawa kuma tana rage kukan. Wadda ake saya kara zube a kasuwa tana ɗaga kowane sauti ne, tana iya ƙara ɓarna.

Tsinken ashana da gashin kaza da tafasasshen mai, duk ka nisanta su da kunne. Kuma kada ka jira ko kwana ɗaya kafin ka je asibiti idan kunne guda ya ɗauke farat ɗaya, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Haka idan kukan ya koma gefe guda, ko yana bugawa tare da bugun zuciya, ko ya zo da jiri, ruwa daga kunne ko karkacewar baki.