Mayar da ƙaramar mota wurin kwana da kuɗi kaɗan

Malam, ka ce kana son mayar da Suzuki Every ɗinka wurin kwana idan ka yi tafiya, ga kuɗin ba yawa. Zai yiwu, sai dai ka lura da nauyi: injinta ƙarami ne, mai girman 660cc, kayan da aka ƙayyade mata kilo 350 kacal. Kada ka bari kafinta ya jibga mata katako mai kauri. A cire kujerun baya, a haɗa gado mara nauyi, ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiya.

Ni a ganina, zafi ya kamata ya ci kuɗinka. A liƙa soso a rufin ta ciki, a sa raga a tagogi saboda sauro. Fanka da fitila kuwa ka saya musu batir daban, kada ka wayi gari mota ta ƙi tashi. Girki a waje kawai, don hayaƙin risho ko gawayi a rufaffiyar mota kisa yake yi.